Rabin Warƙar da Na Manne Cikin Bango

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya ta wurin shukarmu muna raye, kuma makwancinmu idan wa'adi ya cika. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa.

Bayan haka, ni ne Shu'aibu, wanda mutanen kasuwar Mafara suke kira Malam Mai Tadarishi. A Maradun aka haife ni, a Mafara na koyi sana'a, kuma sana'ata gyaran tsofaffin littattafai ce da yi musu bango. Dalilin wannan rubutu shi ne, wata Talata ɗalibai uku suka tsaya bakin rumfata suna kallon ina goge fata. Ɗayansu ya ce, "Baba, wanga aiki ai na rabin sa'a na. A kai shago a ɗauki hoton takardun, a danne da ƙarfe, a manna kwali, an gama." Abokansa suka yi dariya, ni ma na yi. Ranar kasuwa ba ranar dogon jawabi ba ce, shi ya sa na jinkirta amsa. To ga ta nan, ya ku 'ya'yana.

Ku fara da sanin cewa littattafan kakanninmu ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne sake, ɗaya bisa ɗaya, domin malami ya zare guda ya miƙa wa ɗalibi. Ana ajiye su tsakanin bango biyu masu tauri da aka lulluɓe da fata, a naɗe da igiyar fata. Wannan shi ne tadarishi. Shi kuma a saka shi cikin gafaka a rataye. Duk aikina a kan wannan yake, kuma kayan aikin, in ka cire katako da dutse, ba su cika ƙwarya guda ba: wuƙa mai lanƙwasa, basilla, zaren fata, ƙashin haƙarƙarin akuya da aka goge har ya yi santsi, gashin zabo, katako biyu, da tsohon dutsen niƙa da nake danne aiki da shi. Dutsen nan na maigidana ne, Malam Sambo, Allah ya jiƙansa.

Aikin farko da Malam Sambo ya sa ni, bai shafi fata ba sam. Ya zaunar da ni gaban tarin takardu da kwanduna uku. A zamanin babu kwalin sayarwa a ƙasarmu, bango da hannu ake yinsa: a manna takarda bisa takarda da kunun garin alkama, hawa takwas ko goma, a danne har ya bushe ya yi tauri kamar katako. Malam yana zuba ruwan sassaƙen maɗaci cikin kunun domin gara da asu su guje shi. Amma ba kowace takarda ake mannawa ba. Kwando na farko na warƙar da ke ɗauke da sunan Allah ne, ko aya, ko hadisi. Wannan ba a manna ta, ba a taka ta, idan ta mutu ƙwarai a binne ta wuri mai tsarki. Kwando na biyu na warƙar ilimi ne da ta ɓace wa littafinta. Ana ajiye ta ko Allah zai kawo 'yan'uwanta. Kwando na uku shi ne na takardar da babu komai a cikinta sai zancen duniya, kuma da ita ake bango.

"Karanta kowace har ƙarshe," in ji Malam. "Ka ga sunan Ubangiji, ɗauke hannunka. Ba ka gani ba, ta bango ta."

Shekara biyu ina wannan tsinta, ina dama kunu, ina zuwa wurin majema in zaɓo jar fatar akuya wadda ba ta da tabon wuƙa. Mahautan Mafara sun san ni tun a lokacin, domin nakan bi su har mayanka ina roƙon su yi fiɗa a hankali. Sukan ce mini, "Ga mai neman rigar akuya ya taho."

Littafin farko da na yi wa bango ni kaɗai, na wani limami ne, Liman Ummaru, daga wani ƙauye a ƙasar Bakura. Tarin rubuce-rubuce ne da hannu daban-daban, irin wanda limamin ƙauye yake dogara da shi: hukuncin tsarki da salla, yadda ake wankan mamaci da haƙa kabari, zakkar gero da dawa, rabon gona tsakanin magada, da lissafin taurarin damina domin manomi ya san ruwan da ake shuka da shi da wanda yake yaudara. Bangonsa ya ruɓe. Malam Sambo ya tafi ta'aziyya Maradun, ya ce in gwada hannuna.

Ina kakkaɓe gafakar sai wani rabin warƙa ya faɗo daga ƙasanta, a cukurkuɗe, yagagge ta sama. Na karanta shi har ƙarshe kamar yadda aka koya mini, amma hankalina yana kan neman sunan Allah kawai. Babu basmala, babu aya, babu hadisi. Sunayen itatuwa ne, da rijiya, da ƙidayar taki, da sunayen wasu mutane a ƙasa. Na ce a raina wani manomi ne ya auna gonarsa. Takardar kuwa mai kauri ce, irin wadda bango yake so. Na shafa mata kunu na manne ta.

Bangon ya fito da kyau. Na ɗinke bakinsa da wani ɗinki mai kama da ƙafar kaza, wanda ni na ƙirƙiro shi. Da Malam ya dawo ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce, "To, ka fara zama mutum." Bai taɓa yabona da abin da ya fi wannan ba. Liman Ummaru ya karɓi littafinsa ya sa mini albarka.

Daga nan sana'a ta buɗe. Malam ya tsufa, rumfa ta dawo hannuna. Talata ina Mafara, sauran kwanaki ina bin kasuwannin Bakura da Maradun, da farko bisa jaki, daga baya bisa babur. Na ƙara da sayar da ƙananan littattafan bugu, kuma da su na gane cewa kowane littafi yana da lokacinsa kamar amfanin gona. Idan ruwa ya kusa sauka, na lissafin taurari ake nema. Da kaka, na zakka. Na gado kuwa ba ya da lokaci, amma mai nemansa ba ya ɓoyuwa: ba ya taya, ba ya fira, yakan saya ya cusa a aljihu ya waiga ko ɗan'uwansa ya gan shi. Akwai wata tsohuwa daga wajen Birnin Tudu da ta kawo mini littafin mijinta a ƙunshe cikin zane. Ba ta iya karatu ba. Ta ce ita dai ba ta son in ta mutu ta iske malam ya tambaye ta littafinsa ta ce ɓera ya ci. Kwana shida na yi a kansa.

Shekarar da ta fi kowace tsanani a sana'ata ita ce shekarar da gulbi ya cika ya shiga garuruwa. Kafin ita ma kasuwa ta ja baya, domin littattafan maɗaba'a sun yawaita, masu bango mai ƙyalli, kuma mutane sun fara ganin tadarishi kayan tsofaffi ne. Sai ga ruwa. Ɗakuna suka faɗi a kan littattafai. Aka riƙa kawo mini su cikin buhuna, kowane ya dunƙule kamar curin daddawa, yana warin ruma. Masu su ba su da ko hatsin da za su ci, balle ladan gyara. Kunun da na dama yakan yi fumfuna kafin ya bushe. Na lalata littafi biyu da gaggawa, domin na sa wuƙa tsakanin warƙoƙin suna ɗanye, rubutun shafi ya bi ɗan'uwansa. 'Yan'uwana suka ce in bar wannan wahala in kama fili a Bakolori, wurin noman rani, in yi shinkafa kamar kowa.

Ban bari ba. A shekarar nan na gano abin da Malam Sambo bai koya mini ba. Wata rana uwargidana tana turara dambu, na ga yadda tururi yake ratsa gari ba tare da ya jiƙa shi sharkaf ba. Na ari madambacinta. Na bar littafin da ya dunƙule ya bushe sarai tukuna, sannan na naɗe shi da ƙyalle mai tsabta na ɗora bisa tururi gwargwadon yadda mutum zai yi alwala, na sauke, na zura ƙashin akuya a gefe, na bi da gashin zabo. Warƙa ta tashi lafiya. A nan kuma na san bambancin tawada da idona. Tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, da tururi ya taɓa ta sai ta narke. Yambari kuwa, wadda ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera, tana kama jikin takarda, ruwa ba ya fitar da ita. Littafi goma sha ɗaya na ceto a shekarar. Madambacin bai koma madafa ba har yau, kuma har yau ana yi mini gorinsa a gida.

Yanzu ga aikin da saboda shi na kawo muku duk wannan.

Shekaru sun ja, gemuna ya yi fari. Wata Talata da hantsi wani mutum mai kimanin shekara hamsin ya sauka daga babur gaban rumfata, rungume da gafaka. Muka gaisa, muka tambayi gida da iyali da gajiya da ruwa da jama'a. Ya ce shi ne Liman Bello, jikan Liman Ummaru, kuma shi ke limanci a ƙauyensu yanzu.

"Allah shi gafarta Malam, matsala ta kawo ni," in ji shi. "Maƙabartarmu ta."

Ya warware mini zance. Gabas da maƙabartar akwai wani tsiri na fili da ya daɗe ba a noma shi, ba a kuma binne kowa a cikinsa. Bayan tsirin sai gonar Alhaji Mamman, mahauci ne mai fataucin shanu, kuma babban manomin albasa. Kakan Alhaji ne ya ba da filin maƙabartar tun farko, waƙafi saboda Allah. Yanzu Alhaji ya sayi injin ban ruwa, yana so ya haɗa tsirin da gonarsa, domin a ganinsa ragowar gonar kakansa ne. Tsofaffi biyu sun ce sun taɓa jin akwai kusheyi a wurin, amma babu wanda ya gani da idonsa. Kaburburanmu kuwa kun san su: tudun ƙasa ne da guntun tukunya, damina ashirin ta ishe su su baje. Maigari ya yanke cewa a kawo rubutu ko shaida ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. In babu, tarakta za ta shiga ranar Asabar.

"Takardar waƙafin tana cikin littafin kakana," in ji Liman, "amma rabi ta. Daidai inda anka ce ga iyakokinta, nan ta yage. Na juye warƙoƙin ga sau uku ban ga sauran ba. Nac ce ko idonka shi ga abin da nawa bai gani ba."

Ya zaro tadarishin. Kafin in taɓa shi na ga ɗinkin ƙafar kaza a bakinsa. Ya miƙo mini rabin takardar: basmala, salati, sunan mai bayarwa, da niyyarsa, sai yagewa a karkace. Takarda mai kauri. Ina riƙe ta na gane 'yar'uwar wadda na manne ce.

Babu wanda ya san abin da na sani. Malam Sambo ya rasu, Liman Ummaru ya rasu. Da na juya warƙoƙin na ce ban gani ba, da Liman ya yi godiya ya hau babur ɗinsa. Amma a cikin littafin nan da ke hannuna akwai babin da ya ce alfarmar mamaci kamar alfarmar mai rai take, kuma ni na san babin.

Na ce, "Liman, daina nema cikin warƙoƙi. Sauran takardar ga tana cikin bango. Ni nam manne ta da hannuna, tun kana ɗan yaro."

Ya dube ni, ya dubi bangon. "Malam, kai da kanka?"

"Ni da kaina. Ban ga sunan Allah cikinta ba, sai nis sa ta kwandon banza. Sunan Allah na ga rabin da ke hannunka."

"To tana hita?"

"Ban sani ba. Bango biyu na, ban tuna wane ba. In da yambari anka rubuta ta kamar wagga, akwai fata. Amma sai na kashe bangon, kuma in na kuskure, ta tahi ke nan har abada. Littafinku na, sai da izininka."

Ya ce, "Mutanen da ke kwance can sun fi bango. Bisimilla."

Na rufe rumfa tun kafin azahar, abin da ban taɓa yi ba ranar Talata. Laraba da sassafe na hura wuta a tsakar gida. Na farke ɗinkin da na yi alfahari da shi shekara da shekaru, na ɗaye fatar, bango biyu suka fito tsirara, baƙi-baƙi, da tauri kamar ranar da na danne su. Na fara da na gaba. Kunun da ya shekara arba'in ba ya sakin takarda da wuri. Kowane hawa sai an turara shi sau uku ko huɗu, kuma tsakanin turarawa sai an jira, domin idan zafi ya yi yawa takarda takan zama kamar tuwo. Hawa tara ne a bangon gaba. Na tashe su ɗaya bayan ɗaya har la'asar sakaliya. Na sami takardun awon gyaɗa, da wasiƙar wani yana gaida surukinsa, da shafin da wani ya gwada sabon alƙalami. Babu ita.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, yau ma littafi za mu ci da miya?"

Na ce, "Yi haƙuri, gobe ma shi na."

Alhamis na kama bangon baya. Hannuna ba kamar na da ba ne, don haka nakan dafe gwiwar hannu bisa katako kafin in zura ƙashi. Hawa na farko ya tashi, na biyu ya tashi, na uku ya yage biyu, amma ba ita ba ce. Da na ɗaga gefen na huɗu, sai na hangi bakin wata takarda mai kauri a ƙarƙashi, a kife, rubutunta yana fuskantar hawa na shida. Wannan shi ne mafi hatsari, domin idan aka ja ta daga sama, rubutun zai iya zama a jikin ta ƙasa. Sai na juya bangon na biyo ta baya. Na cinye hawa na tara, da na takwas, da na bakwai. Hawa na shida ban ɗaga shi ba ko kaɗan. Na riƙa jiƙa shi da gashin zabo ina murje shi da ɗan yatsa, yana fita kamar dusa, har baƙaƙen suka fara bayyana ta ƙarƙashinsa. Yambari ce. Ta yi ja-ja saboda tsufa, amma ko wasali ɗaya bai gudu ba. Na yi sallar azahar a makare ranar nan, Allah ya yafe mini.

Na shimfiɗa ta tsakanin ƙyalle biyu, na ɗora dutsen Malam Sambo. Da ta bushe na kawo rabin Liman na kara. Bakin yagewar ya shiga cikin ɗan'uwansa, har harafin da ya rabu biyu ya koma ɗaya.

Ranar Juma'a bayan salla jama'a suka fita bayan gari: Maigari, da Liman Bello, da tsofaffin nan biyu, da Alhaji Mamman, ƙaton mutum mai murya, da mutanen gari masu yawa. Alhaji ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Malam, ni ba ni gardama da matattu. Amma hili na ga shi kwance, babu tudu babu tukunya. In rubutu ya ce nasu na, na bar musu. In ji-ta-ji-ta ta, gobe tarakta na shiga, don na riga na yi ma mai ita magana."

Maigari ya ce, "Karanta muna, Malam."

Kafin in karanta na gaya wa jama'a inda takardar ta kwana shekara arba'in, da wanda ya sa ta can. Sannan na ɗora rabi biyu bisa katako, na kira Alhaji ya ga yadda suka haɗu. Takardar ta ce iyaka ta gabas ta fara daga tsohuwar rijiya, ta miƙe kudu taki saba'in zuwa gindin aduwa. Rijiyar an daɗe da cike ta, amma kowa ya san gurbinta, domin ƙasar wurin ta lotsa. Aduwa kuwa babu ita.

Alhaji ya ce, "Ni za ni taka da ƙahwata, kada a ce an ba gajere."

Aka yi dariya. Ya tuɓe takalmi ya tsaya bakin rijiyar, ya fuskanci kudu, jama'a suna ƙidaya da ƙarfi. Tun daga taki na goma kowa ya ga inda layin ya nufa: tsirin gaba ɗaya yana hannun damansa, wato cikin maƙabarta. A taki na saba'in ya tsaya daf da kunyar albasarsa ta farko. Wani ya kawo fartanya aka sara wurin. Ba a yi zurfin kamu biyu ba sai ga ruɓaɓɓen kututture.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya durƙusa ya ɓantari itacen ya shinshina. "Aduwa ta," in ji shi.

Alhaji ya ce, "To, na ji na gani. Na bari."

Na ce, "Alhaji, akwai saura layi biyu."

Na karanta su. Mai waƙafin ya yi wasiyya cewa idan ya rasu a binne shi a kusurwar nan ta gindin aduwa, shi da iyalinsa, domin su zama su ne a bakin iyaka, kada wani ya matso. Sai sunayen shaidu huɗu.

Alhaji Mamman ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunsa. Ya ja da baya taki uku a hankali, kamar wanda ya taka tabarmar salla da takalmi. Mahaifinsa ya rasu tun Alhaji yana ƙarami, a wurin fatauci ya girma, babu wanda ya taɓa nuna masa inda kakansa yake. Ya tsuguna ya ɗaga hannu, jama'a suka tsuguna tare da shi, Liman ya ja addu'a ga mutanen da ke kwance a wurin.

Da aka shafa, Alhaji ya goge fuska da hannun riga, ya juyo gare ni. "Malam, ashe kai kaɗ ɗaure min kaka cikin kwali shekara arba'in, ina nan ina shirin aza mai albasa bisa kai?"

Na ce, "Ni na, Alhaji. Ka yahe min."

"Na yahe. Amma hwatar sabon bangon ni za ni kawo ta, kuma ni za ni yi fiɗar da hannuna, kada ka ce akwai tabon wuƙa."

Liman Bello ya so ya sauƙaƙa mini. Ya nuna wa mutane yadda gara ta cinye gefen wasu warƙoƙin littafin, ya ce da takardar ta zauna a gindin gafaka da tuni ta zama ƙasa, maɗacin kunun ne ya tsare ta, don haka kuskurena alheri ne. Na ce masa a'a. Allah ne ya tsare ta, kuma yana tsarewa da abin da ya ga dama. Ni abin da na yi kuskure ne, domin na yanke wa takarda hukunci ban tambayi mai ita ba. Abin da nake ɗaga kai da shi guda biyu ne: na faɗa da bakina, kuma hannun da ya manne ta shi ya fitar da ita ba tare da harafi ɗaya ya faɗi ba. Ban san wani a ƙasar nan da zai iya wannan ba a ranar, kuma ina faɗin haka ne domin ambaton ni'imar Ubangiji.

Tarakta ta zo ranar Asabar ta yi aikinta a gonar Alhaji, ta tsaya inda aka ce ta tsaya. Da ruwa ya sauka Alhaji ya dasa gamba tun daga gurbin rijiya har kusurwa, ya kuma dasa sabuwar aduwa. Ya kawo fatar kamar yadda ya ce. Na haɗa rabi biyun da siririyar takarda ta baya, na yi wa littafin sabon tadarishi, na maimaita ɗinkin ƙafar kaza. Tun daga ranar na ƙara sharaɗi a kan na maigidana: takardar da ta fito daga gafakar mutum, ko da lissafin kaji ne a cikinta, gafakarsa take komawa.

To, ya ku 'ya'yana, ku ɗauki hoton littafi, ban hana ku ba, ni ma an ɗaukar mini na wasu kuma na ga amfaninsa. Sai dai da an kai littafin Liman shago, da an ɗauki hoton kowace warƙa, an danne da ƙarfe, an jefar da tsohon bangon a bola, cikin rabin sa'a kamar yadda kuka ce. Rumfata tana nan inda kuka same ta. Wanda yake so ya koya ya zo da safe, akwai kwanduna uku suna jiransa.

Allah ya jiƙan Malam Sambo da Liman Ummaru, da mutanen gindin aduwa, da dukkan magabatanmu. Wanda ya karanta wannan, Allah ya sa albarka a gonarsa da sana'arsa, ya shirya masa zuriya, ya zaunar da gidansa lafiya, kuma idan ya kwanta nasa kwanciyar, Allah ya bar masa a bayansa wanda zai san inda yake ya tsare masa iyaka. Amin.